Fitilar Taga

A Vardø rana kan yi yaji wata biyu cur,
ta bar mu da teku da kukan iska.
Cikin wannan duhun Sindre ya sauka daga Oslo
da kwali a hammata,
ya ce, "Baba, na kawo maka wayewar gari."

Ƙwai goma sha ɗaya ya ɗaura.
Ya taka kujerar da uwarsa ta hana a taka,
ya bi makunnai ya liƙe da salatif,
wai hannu ya huta, yanzu baki ke aiki.
Na tambayi kuɗin, ya yi tari.
Daga baya na tsinci rasit a kwandon shara:
kurona dubu tara da ɗoriya.
Da ƙasa da haka na sayi injin kwalekwalena na fari.

Ba zan ci haƙƙin abin ba.
Ƙarfe uku na dare, in fitsari ya tashe ni,
matakala kan riga ƙafata farkawa,
haske ruwan zuma, ba ya tsone ido.
Gwiwar da ta sha ƙasa bara ta gode.
Da bakwai ɗaki kan yi asubar aro,
ja-ja daga lungu, sannu-sannu,
har tsohon ƙashi ya yarda ya miƙe.

Sai dai ba ya jin bakinmu na arewa.
In ce kashe, ya ƙara.
In ce rage, ya karanto mini yanayin Bergen.
Shekara arba'in ina daka wa matuƙa tsawa cikin guguwa,
yau ga ni da rigar barci ina lallashin ƙwai.
Daren da iska ta tsinke intanet
na tsaya tsakar falo ina kira, ina kira,
kamar mai kiran jirgin da ya riga ya bar gaɓa.

Ran Laraba Oddny ta tsallako titi,
sanda a hannu, ƙanƙara a gira,
ko takalmi ba ta karkaɗe ba.
"Halvard, tagarka ta koyi ƙarya."

Ashe tun rasuwar Gunvor, shekara shida,
ba ta ɗora ruwan kofi
sai ta ga tagar kicin ɗina ta yi haske.
Ban taɓa sani ba. Ba ta taɓa faɗa ba.
Kwana huɗu na yi a asibitin Kirkenes
taga na kunna kanta, tana kashe kanta,
ba latti ko na minti guda.
"Da a ƙasa kake kwance fa?
Sai ka yi mako, fitila na yi mini murmushi."

Na ce don ɓarayi ne, su zaci da mutum a ciki.
Ta ce wane ɓarawo,
a garin da kowa ya san tarin kowa?

A wannan tagar Gunvor ke barin haske in ina teku.
In ta yi fushi takan makara da shi,
tun daga bakin tasha nakan san abin da ke jirana.

Da dare na ɗauko wuƙar gyaran kifi,
na ɓamɓare salatif daga makunni guda,
na tono tsohon ƙwai a durowa, cikin safar Gunvor.
Sauran goman na bar su da wayonsu.

Washegari Sindre ya bugo:
"Baba, wayata ta ce ƙwan kicin ya mutu."
Na ce da ransa, aiki ya sauya.
Ya ce to kuɗin ya biya dai ko?
Na ce tambayi gwiwata, za ta ce maka e.
Kada ka tambayi Oddny.

Yau na makara, bakwai da kwata.
Na laluba bango, na danna.
Can tsallaken titi labule ya motsa,
sai kuma ya koma.